Masters, PGA, US Open ko The Open: wacce zaka ba kwana huɗunka?

Duk wanda ya fara sha'awar golf sai ya iso wannan gaɓar, saboda gasa ɗaya kwana huɗu take ci, Alhamis zuwa Lahadi, rami 18 kullum har a cika 72, kuma ba kowa ne yake da lokacin da zai zauna ya bi duka manyan gasa huɗun nan daga farko har ƙarshe ba. To idan guda ɗaya kawai zaka iya bi da gaske a shekara, ko kuma kana da burin wata rana ka yi tattaki ka tsaya a bakin fili ka gani da idonka, wacce ya kamata ka ɗauka? Ni bazan ɓoye maka inda na karkata ba tun yanzu, The Open ce tawa, amma idan yau ka fara kallon golf da Masters zan ce ka fara, kuma zan gaya maka dalili.

A jere suke zuwa, Masters a Afrilu, PGA Championship a Mayu, US Open a Yuni, sai The Open ta rufe a Yuli. Uku a Amurka, ɗaya a Birtaniya. Da waɗannan huɗun ake auna girman ɗan wasa, shi yasa duk inda aka taso da gardamar waye gwanin gwanaye zaka ji ana cewa Jack Nicklaus yana da 18 Tiger Woods yana da 15, babu mai tambayar nawa suka tara a banki. Kuma mutum shida kacal ne suka taɓa haɗa duka huɗun a rayuwarsu, Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player, Nicklaus, Woods, sai Rory McIlroy da ya shiga sahu a 2025.

Masters ita kaɗai ce bata yawo. Tun 1934 a fili ɗaya ake yinta, Augusta National da ke jihar Jojiya, wanda Bobby Jones da Clifford Roberts suka kafa a wajen da da can gonar renon itatuwa da furanni ce, shi yasa kowane rami sunan wata bishiya ko fure aka sa masa. Wannan zaman wuri ɗayan shine babban abin da yasa nake turo sabon mai kallo gareta, domin golf wasa ne da baka jin daɗinsa sai ka san filin, sai ka san cewa idan ƙwallo ta sauka a gefen nan zata gangaro kusa da rami, idan ta kuskure da taku biyu kuma ruwa zata faɗa. A sauran gasa kowace shekara sabon fili zaka koya, a Augusta kuwa shekara biyu kawai zaka yi kana kallo ka fara hango matsala tun kafin mai sharhi ya buɗe baki.

Ɗauki rami na 12 misali. Ɗan gajere ne, wajen yadi 155, bugu uku ne ƙa'idarsa, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai jefa ƙwallo rami da shi, amma akwai rafi a gabansa kuma iska tana juyawa a tsakanin dogayen bishiyun wajen yadda ko mai ɗaukar jakar ɗan wasa baya iya rantsuwa da inda ta nufa. A 2016 Jordan Spieth yana gaba da bugu biyar bayan ya gama rami tara na farko ranar Lahadi, kowa ya gama ba shi kofi, ya zo nan ya jefa ƙwallo biyu a ruwa ya tashi da bugu bakwai, Danny Willett ya wuce da koriyar rigar zakara. A 2019 Francesco Molinari yana gaba, shi da Brooks Koepka da Tony Finau duk suka faɗa rafin nan, Tiger da ya san wajen kamar tafin hannunsa bai ko kalli tuta ba, ya auna tsakiyar ciyawa ya ajiye ƙwallonsa lafiya, daga nan wasa ya juya har ya ci Masters ɗinsa na biyar bayan shekaru na tiyatar baya da kowa yake cewa ya ƙare. Kaga idan ka san labarin Spieth, lokacin da kake kallon Molinari ya ɗaga sanda gabanka ma faɗuwa yake yi. Wannan tarin tarihi a kan ramuka guda shine abin da Masters take sayarwa kuma babu wadda ta kama ƙafarta a nan.

Ga kuma yadda suke nuna ta. Talla kaɗan ce sosai a talabijin idan ka haɗa da sauran wasanni, manhajarsu ta waya tana baka damar ka ga kowane bugu na kowane ɗan wasa, ciyawa kore shar, yashi fari tas, babu allon talla a cikin fili. Koriyar rigar da ake sa wa zakara tun 1949 aka fara bada ita, Sam Snead ne ya fara karɓa, zakara yana tafiya da ita gida shekara ɗaya sannan ya dawo da ita kulob, kuma wanda ya ci sau ɗaya an gayyace shi har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya faru a 2025 ma ya isa ya kama zuciyar mutum, McIlroy da ya zubar da ratar bugu huɗu a wannan filin a 2011 ya buga 80 ranar ƙarshe, ya shekara kusan 11 tun 2014 bai ci ko ɗaya cikin manyan ba, ya sake jefa ƙwallo a rafi a rami na 13, ya kuskure turawar da zata bashi nasara a na 18, wato bugun gangara ƙwallo cikin rami, sannan ya dawo ya doke Justin Rose a bugun raba gardama ya durƙusa yana kuka.

Amma fa Masters tana da inda take ci min tuwo a ƙwarya, kuma ya kamata ka sani kafin ka ɗauke ta kamar ita ce komai. Na farko gayyata ce, yawanci 'yan wasa basa kai 100, a cikinsu akwai tsofaffin zakaru da kowa ya san ba zasu ci ba da kuma matasa masu buga wasan sha'awa, dan haka idan ana maganar yawan gwanayen da zaka doke kafin ka ɗaga kofi ita ce mafi sauƙi a cikin huɗun. Na biyu kulob ne na masu hannu da shuni wanda ƙofarsa a rufe take, kuma tarihinsa a kan wannan ba mai daɗi bane, sai 1975 baƙar fata ya fara buga gasar, Lee Elder, sai 1990 suka karɓi baƙar fata a matsayin mamba, mata kuwa sai 2012. Shi yasa nasarar Tiger ta 1997, yana ɗan shekara 21 ya ba na biyu ratar bugu 12, ta wuce maganar wasa kawai. Na uku idan zuwa kake son yi, tikitinta na cikin mafi wahalar samu a duniyar wasanni, ƙuri'a ake jefawa ta intanet kuma mutane suna shekaru suna nema basu dace ba, idan ka shiga kuma babu waya sam, an hana. Wasu suna yabon wannan dokar, nima ina ganin kyanta, amma dai ka san da ita.

PGA Championship bazan daɗe a kanta ba, ba dan raini ba, sai dan ita ce wadda har yau take neman fuskarta. An fara ta a 1916, har zuwa 1957 mutum da mutum ake karawa ana fitar da wanda aka doke, daga 1958 aka koma ƙirga bugu kamar sauran, da a Agusta ake yinta ta zama ta ƙarshe sai a 2019 aka dawo da ita Mayu. Ƙungiyar PGA ta Amurka ce take shirya ta, wato ƙungiyar masu koyar da golf da kula da kulob-kulob, daban take da PGA Tour mai shirya wasannin mako-mako, mutane da yawa suna haɗa su. Shi yasa cikin 'yan wasa 156 ake ware gurbi 20 ga malaman kulob, kuma daga nan ne labarin Michael Block ya fito a 2023 a Oak Hill, mutumin da aikinsa koyar da mutane ne ya jefa ƙwallo rami da bugu ɗaya ranar Lahadi yana tare da McIlroy ya ƙare a na 15. Ƙarfinta shine kusan duk wanda yake cikin ɗari na farko a duniya yana zuwa, ana shirya fili da adalci yadda gwani zai iya kai hari, shi yasa Xander Schauffele ya ci ta 2024 a Valhalla da 21 ƙasa da ƙa'ida. A nan ne Y.E. Yang na Koriya ta Kudu ya taso daga baya ya doke Tiger a 2009, a nan ne Phil Mickelson ya ci yana da shekara 50 a 2021. Wasa mai kyau ake yi wallahi, amma idan ka kunna talabijin ba tare da an gaya maka ba zaka iya ɗauka wata babbar gasar mako ce kawai. Wanda ya riga ya san 'yan wasa yana son ya ga duka gwanaye a wuri ɗaya zai more ta, amma idan ɗaya tal zaka zaɓa, ba ita bace.

US Open kuma wata duniya ce, ita wahala take sayarwa. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ce take shirya ta tun 1895, kuma tsarinsu shine su matse hanyar da ƙwallo zata sauka ta zama siririya, su bar ciyawar gefe ta yi tsawo da kauri yadda idan ƙwallo ta shiga sai ka tsaya a kanta kafin ka ganta, sannan su busar da shimfiɗar da ke kewaye da rami ta yi tauri da santsi. A nan idan ka tashi rami daidai ƙa'ida murna zaka yi. Hale Irwin ya ci ta 1974 a Winged Foot da bugu bakwai sama da ƙa'ida, Geoff Ogilvy ya ci ta 2006 a wannan filin dai da biyar sama, ranar da Mickelson ya zo ramin ƙarshe yana gaba ya karkatar da bugun farko ya daki rumfar baƙi, na biyu ya daki bishiya, ya zubar da komai. Sau shida Mickelson yana zuwa na biyu a US Open kuma ita kaɗai ce ta hana shi cika huɗun. A 2025 a Oakmont mutum ɗaya ne kacal ya ƙare ƙasa da ƙa'ida, J.J. Spaun, shima da doguwar turawa ta ƙafa 64 a ramin ƙarshe cikin ruwan sama.

Abin da nake girmamawa a US Open shine sunanta ba ƙarya bane, a buɗe take. Duk ƙwararre, ko ɗan wasan sha'awa da matakinsa ya kai, zai iya cika fom ya shiga zagayen neman gurbi, mutum fiye da 10,000 suke nema a shekarun nan, ana tace su har a kai zagayen ƙarshe inda ake buga rami 36 a rana ɗaya, kuma kusan rabin 'yan wasa 156 ta wannan hanyar suke shigowa. Ba labarin banza bane, Michael Campbell na New Zealand ta nan ya bi a 2005 ya zo ya ci kofin gaba ɗaya a Pinehurst Tiger yana bayansa. Tun 1913 ma da Francis Ouimet, saurayi ɗan shekara 20 da ya taso yana ɗaukar wa mutane jaka a filin Brookline, ya doke Harry Vardon da Ted Ray, wannan ruhin yake cikinta. Kuma manyan ranakun Tiger guda biyu a nan suke, 2000 a Pebble Beach da ya ci da ratar bugu 15, da 2008 a Torrey Pines da ya buga rami 91 da tsagewar ƙashi a ƙafa da gwiwa a lalace kafin ya rabu da Rocco Mediate. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wannan gasar haka take.

Matsalarta biyu. Sabon mai kallo zai iya gajiya, saboda awa da awanni zaka ga mutane suna ta kare kansu ne kawai, babu mai kai hari, daɗin yana cikin sanin irin wahalar da ke cikin bugun da ido yake gani kamar ba komai. Sannan wani lokaci USGA tana wuce gona da iri, a 2004 a Shinnecock Hills sai da aka riƙa yayyafa ruwa a rami na 7 tsakanin rukunin 'yan wasa saboda ƙwallo ta ƙi tsayawa, a 2018 a filin dai aka sake kwatawa har Mickelson ya bi ƙwallonsa da gudu ya buge ta tana tafiya. Ni a ganina idan wahala ta kai inda bugu mai kyau da mara kyau sakamakonsu ɗaya, an bar auna gwaninta. Kuma ka lura wahalar tata ta hannun mutum ce, wasu ne suka zauna suka yanke tsawon ciyawa da inda za a sa tuta.

To nan ne The Open ta bambanta da duka, kuma nan ne zan ɗan zauna.

Ita ce uwa. 1860 aka fara ta a Prestwick da ke Sukotland, mutum takwas kacal, suka zaga fili mai rami 12 sau uku a rana ɗaya, Willie Park ya ci. Da ɗamara ake bayarwa, sai Tom Morris ƙarami ya ci sau uku a jere daga 1868 zuwa 1870 ya tafi da ita gaba ɗaya, 1871 ba a yi gasar ba, daga baya aka ƙera butar azurfar nan da ake kira Claret Jug wadda har yau ita ake ɗagawa. Amma ba tsufa ne yasa na zaɓe ta ba, irin filin ne. Kullum a filayen bakin teku ake yinta, ƙasa mai yashi da tuddai ƙanana, babu bishiyu, ciyawa gajera mai tauri, ga guraben yashi masu zurfi kamar rijiya waɗanda wani lokaci dole ka buga ƙwallo gefe ko ma baya kafin ka fita. St Andrews, Carnoustie, Muirfield, Royal Troon a Sukotland, Birkdale da Hoylake da Lytham da St George's a Ingila, sai Portrush a Ireland ta Arewa. A Amurka golf a sama ake yinsa, ka auna yadi ka ɗaga ƙwallo ta sauka ta tsaya. A nan kuwa ƙasa ma tana cikin wasan, zaka ga mutum ya sauke ƙwallo yadi 30 kafin rami ya bar ta ta gangara ta bi tudu ta lanƙwaso, zaka ga ramin da jiya aka kai da ƙaramar sanda yau iska ta juyo ana neman babba ba a kai ba. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan, abin da sama ta kawo ranar da shi za a yi.

Shi yasa ƙarfi kaɗai baya ci a nan. Tiger a 2000 a St Andrews, fili mai gurbin yashi sama da 100, ya yi kwana huɗu bai shiga ko ɗaya ba ya ci da ratar takwas. A 2006 a Hoylake rana ta ƙone fili ya koma ruwan ƙasa, sai ya ajiye babbar sandarsa, sau ɗaya tak ya taɓa ta a rami 72, ya riƙa lallaɓa ƙwallo da sandunan ƙarfe yana kauce wa yashi, ya ci, ya fashe da kuka a kafaɗar mai ɗaukar jakarsa saboda wata biyu kenan da rasuwar mahaifinsa. Wannan mutumin dai shine guguwa da ruwa suka kama a Muirfield ranar Asabar a 2002 ya buga 81. Fili bai san sunan kowa ba.

Kuma saboda dabara ta fi ƙarfi tasiri, tsoho yana da rabo. Idan akwai rana ɗaya da zan so kowane mai son golf ya nema ya kalla to Lahadin 2009 ce a Turnberry. Tom Watson, mai Open biyar, yana da shekara 59, ba a cika shekara da sa masa sabon ƙugu ba, ya iso ramin ƙarshe yana gaba da bugu ɗaya, ƙa'ida kawai yake buƙata. Ya buga ƙwallo kai tsaye ta nufi tuta, bugun da babu abin da zaka ce a kansa, amma ta sauka a wuri mai tauri ta zarce baya, ya kasa dawowa da biyu, Stewart Cink ya doke shi a ramukan raba gardama. Har yau idan na tuna raina yana sosuwa. A wane fili ne na Amurka da ake tsawaitawa kullum dattijo mai shekara 59 zai kai nan? Kuma a Turnberry ɗin nan ne shi Watson da Nicklaus suka yi karon 1977 da suka bar kowa a baya su biyu, irin wanda Henrik Stenson da Mickelson suka maimaita a Troon a 2016, Mickelson ya buga 65 ranar ƙarshe babu kuskure ko ɗaya amma Stenson ya buga 63. Sai kuma 1999 a Carnoustie, Jean van de Velde na Faransa da ratar uku a ramin ƙarshe, ƙwallo ta daki wajen zaman 'yan kallo ta koma cikin ciyawa, ta faɗa rafi, ya cire takalmi ya shiga ruwa yana tunanin bugawa daga ciki, ya tashi da bakwai, Paul Lawrie da ya fara ranar yana baya da bugu goma ya ɗauki kofi.

Bazan ce bata da aibi ba. Babban ƙorafin da ake yi gaskiya ne, akwai sa'a a ciki. Duka 'yan wasa 156 daga rami na ɗaya suke tashi, tun wajen shida da rabi na safe har bayan huɗu na yamma, dan haka wani zai buga cikin lumana wani ya faɗa cikin guguwa a rana ɗaya. A 2010 a St Andrews McIlroy ya buga 63 ranar Alhamis, Juma'a da rana iska ta taso har aka dakatar da wasa saboda ƙwallo tana motsi da kanta, ya buga 80, shi kuwa Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu ya riga ya gama da safe, ya ci gasar da ratar bakwai. Wanda yake son adalci tsantsa wannan zai dame shi. Sannan idan iska ta kwanta gaba ɗaya wasu filayen sun yi wa 'yan wasan yau gajarta, Cameron Smith ya ci ta 2022 a St Andrews da 20 ƙasa da ƙa'ida. A talabijin ma ba kullum take da kyan gani ba, sama toka-toka, fili ruwan ƙasa, tuddan da suke juya ƙwallo kamara bata nuna su sosai, wanda ya saba da koren Augusta zai iya cewa wannan wane irin daji ne. Shi yasa nace kada ka fara da ita, sai idonka ya buɗe.

Idan maganar zuwa ce da ƙafarka, a nan kam babu gardama a wajena. The Open tana ɗaukar jama'a sosai, 290,000 suka halarci ta 150 a St Andrews a 2022, itama yanzu ƙuri'a ake yi na tikiti amma damar ta fi ta Augusta nesa ba kusa ba, yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuma kyauta suke shiga idan suna tare da babba mai tikiti. Abin da ya fi burge ni shine tsohon filin St Andrews na jama'a ne, mutum gama-gari da ya cika sharuɗɗa zai iya neman gurbi ya buga a inda Nicklaus da Tiger suka ci kofi, yawancin ranakun Lahadi ma ba a wasa a kansa, mutanen gari ne suke yawo a kai. Augusta kuwa ko bakin ƙofa baka wucewa sai mamba ya gayyace ka. An tsara The Open zata koma St Andrews a 2027, wanda yake da wannan burin shekarar da zai sa wa ido kenan, ya tanadi rigar ruwa da ta sanyi ko da Yuli ne. Ga mai kallo daga gida kuma akwai maganar agogo, idan kana Turai ko Afirka ita da rana take zuwa maka ka gama kafin dare, ukun Amurka kuwa ramukan ƙarshe cikin dare suke faɗowa, idan a gaɓar Kalifoniya ake yi ma sai ka kusa ganin asuba.

Kuɗi kada ya ruɗe ka wajen wannan zaɓin. A 2025 US Open ta raba dala miliyan 21.5, Masters miliyan 21, PGA miliyan 19, The Open ce ta ƙarshe da miliyan 17. The Players da ake yi a Sawgrass a Fulorida duk Maris, mai ramin nan na 17 da ruwa ya kewaye, ta fi su duka, miliyan 25 ta raba, amma babu ɗan wasan da zai baka butar azurfa ya karɓi kofinta, kuma tunda aka samu rabuwar kai da LIV, sabon tsarin gasa da ya janye wasu gwanaye daga PGA Tour, 'yan wancan ɓangaren basa buga ta, kusan a manyan huɗun ne kawai zaka ga Jon Rahm da Bryson DeChambeau suna karawa da Scottie Scheffler da McIlroy. Ryder Cup kuma, Amurka da Turai duk shekara biyu, hayaniya ce da ihu irin na filin ƙwallon ƙafa, idan kana son ka jawo abokinka da baya son golf ka nuna masa ita, sai dai wasan ƙungiya ne, lissafinta daban.

Dan haka ga yadda zan tsara maka. Shekarar farko ka ba Masters kwana huɗunta cikakku, ka haddace ramuka daga na 10 zuwa na 18, ka zaɓi 'yan wasa uku ka bi su bugu bayan bugu. US Open ka kalli Lahadi kawai, ramuka tara na ƙarshe, irin na 2024 a Pinehurst da McIlroy ya kuskure gajerun turawa biyu DeChambeau ya fito daga yashi mai nisa ya ci da bugu ɗaya. Idan Yuli ta zo ka duba hasashen yanayi na garin da ake The Open, ranar da aka ce iska zata tashi ita zaka keɓe, ka zauna tun safe, kada ka bi allon maki, ka bi ƙwallo bayan ta taɓa ƙasa.